Jirgin katako yana yoyo ta gindi, an toshe ya ƙi

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar kafintocin jirgi. Muna da tsohon jirgin katako mai tafiya da iska, na mahaifinmu, a Suwakin ta ƙasar Sudan. Ya dawo daga doguwar tafiya a Bahar Maliya yana shan ruwa, muka jawo shi tudu.

Mun cusa auduga a tsakanin allunan, mun bi da kwalta, amma da ya koma ruwa yoyon na nan, ta wajen ƙashin bayan jirgin, wato dogon katakon da ke tsakiyar gindinsa. Da na ƙwanƙwasa allunan biyu na ƙasa sai na ji ƙarar rami. Waje lafiya lau, ciki kuwa tsutsar ruwan gishiri ta huda shi kamar saƙar zuma. Ƙusoshin ƙarfen ma sun yi tsatsa, katakon da ke kewaye da su ya yi baƙi ya yi laushi.

Wani ya ce mu lulluɓe gindin da faiba, wato zaren gilashi da ake mannawa da gam. Hankalina bai kwanta ba, don katakon bai bushe ba, ina tsoron ya ruɓe a ciki. In kuma mun bar shi a rana ya bushe, allunan sama tsukewa suke, bakinsu ya buɗe.

Don Allah, ya ake gane ko tsutsar ta kai ga ƙashin bayan ba tare da an kwance jirgin ba? Kuma ƙusar tagulla za ta zauna kusa da tsohuwar ta ƙarfe?