Agogo mai tsinken sakan biyu: wa ya taɓa sayen na hannu?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Wani dillali a Dubai ya turo min hoton agogon kamfanin IWC, Doppelchronograph mai lamba 3711, na hannu, ba kwali ba takarda. Irin wanda tsinkunan sakan biyu ke tafiya a kan juna, in ka danna maɓallin da ke wajen ƙarfe goma, ɗaya ya tsaya ɗaya ya ci gaba, ka sake dannawa na bayan ya yi tsalle ya kamo ɗan'uwansa. Ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa saye kafin in tura kuɗi.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, kar ka saya da hoto. Ni haka na yi, agogon wani kamfani ne daban. A hoton tsinkunan na kan sha biyu, sun kwanta kamar guda. Da ya iso na kunna shi, suna kaiwa wajen sakan ashirin sai na ga na ƙasa yana leƙowa, ɗan bambanci kamar silin gashi. Na tsayar, na sake shi, ya dawo da sanyin jiki kamar wanda aka tasa daga barci. Mai sayarwa ya ce wai haka suke. Ba haka suke ba. Wata bakwai ya yi a Turai wajen gyara, kuɗin kuma har yau Maman Khalifa ba ta san adadinsa ba.

Mai Gyara:
Alhaji, abin da ya same ka na sha gani. A ciki akwai wani ƙarfe mai siffar zuciya, da ɗan hannu mai jan dutse a baki da ke bin gefensa. In ka danna, wani abu kamar hantsaki ya damƙe dabaran tsinke na biyu, zuciyar kuwa tana ta juyawa a ƙarƙashinsa. Da an saki, sifirin ya tura hannun zuwa kwarin zuciyar, shi ne tsallen da kake gani. Man ya bushe ko sifirin ya gaji, sai kasala. Shi ya sa nake hana mutane barin tsinke ɗaya a tsaye tsawon yini, jan ƙarfin agogon yake.

Naka kuwa, Ɗan Fagge, da sauƙinsa. Wani maƙerin agogo, Richard Habring, ne ya ƙera tsarin, ya fito a 1992, a kan injin Valjoux 7750 da ake samun kayansa. Amma bayansa a rufe yake, har da wani murfin ƙarfe a ciki saboda maganaɗisu, ba ka ganin injin sai an buɗe a gabanka ko a bidiyo. Ni dai ɓangaren tsinke biyun ba na taɓawa, gaskiya ɗaya ce.

Gwaggon Yara:
Na mahaifinmu ne ya faɗo a rabona. Da shi yake auna dawakinsa biyu in ana horar da su da asuba, ni ina riƙe da littafi ina rubuta lokacin na farko kafin na biyu ya iso. Da zan aika shi sabis, na rubuta musu ɓaro-ɓaro kada a canja fuska kuma kada a goge jikinsa. Lambobin sun yi ruwan ƙwai don tsufa, kuma akwai ƙwarzane a gefe da na san ranar da ya samu.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Na ce ya ɗauko min bidiyo: ya kunna, ya raba tsinkunan a sakan goma, da talatin, da hamsin, ya sake su kowane karo, sannan ya mayar sifili. Ya turo, amma sau ɗaya kawai ya raba, kuma yatsansa ya tare rabin fuskar. Na ce ya sake.

Baban Khalifa:
In ya sake, ce masa ya kawo kyamarar ta gefe. Ta sama ba a ganin leƙen.