Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama

Dauda: Jama'a, ku raba mu gardama. Ƙanwata ta kamu da labaran soyayyar nan na Amurka da ke farawa bayan duniya ta rushe, ko da yaƙin nukiliya ko da annoba, mutane ƙalilan sun rage a kangaye. Akwai marubuta Kiristoci a harkar, wai ƙauna da bege suke nunawa. Ni kuwa na ce mata wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Mace ta ga namiji ɗaya tak a garin da ya zama toka, ba dole ta so shi ba?

Malam Sani: Maganar ba ta zauna ba, Dauda. Ana faɗinta ne ga wanda matsi ya sa ya riƙi abin da ya san zai yanke shi. In saurayin ba mugu ba ne, ina takobin?

Saratu: Yaya Dauda, mai nutsewa ai kansa yake ceto. A labaran nan sai ka ga mace da rabin gorar ruwa, shi ke nan abin da ta mallaka, ta jiƙa tsumma tana matsawa a bakin mutumin da gubar nukiliya ta fara zubar masa da gashi. Ta san ba tashi zai yi ba. To me ta kama? Ni da za a tambaye ni, "komai nisan dare gari zai waye" ta fi dacewa.

Bitrus: 'Yar'uwa, rabin farko na yarda, na biyun a'a. Mai cewa gari zai waye ya saba ganin wayewarsa kullum. A can kuwa toka ta rufe rana, ba wanda ya yi musu alkawarin gobe. A Littafi Mai Tsarki, Manzo Bulus ya ce a Romawa 8:24 begen da ake gani ba bege ba ne. Ku duba littafin Annabi Irmiya, sura 29. Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya kwashi mutanen Urushalima zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, sai annabin ya aika musu wasiƙa: ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure, ku aurar da 'ya'yanku. A wasiƙar kuma ya gaya musu zaman na shekara 70 ne. Wato mafi yawan masu ɗaura auren ba za su ga komawa gida ba. A sura 32 ma, sojojin Babila na kewaye da Urushalima, shi Irmiya yana tsare, ya sayi gona a Anatot da shekel 17 na azurfa, ya sa aka adana takardun cinikin a tukunyar ƙasa don su daɗe. Daga nan marubutan kirki ke ɗibar ruwa.

Malam Sani: To "in da rai da rabo" fa, Malam Bitrus?

Bitrus: Ta matso. Sai dai ta ɗaure rabon da rai, mutumin da Saratu ta ambata kuma ransa ne ke fita.

Dauda: Na ji, amma ba duka ba. Littafin da ƙanwata ta ba ni, jarumin wata shida yana yawo a kufai, gemunsa a gyare, haƙora farare tas. An liƙa aya a ƙarshen kowane babi, shi ke nan Kiristancin. Kuma da ya ƙwace wa jarumar abinci, sai aka ce kariya ce.

Malam Sani: Wannan kam ka samo takobinka. Faɗa wa ƙanwarka karin maganar, na ba ka izini.

Saratu: Ta kawo mini littafin ranar Lahadi in gani da idona tukuna.