Na duba gida, masu saye sun fasa, yanzu ni nake son sa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan ina aikin duba lafiyar gidaje kafin a saya, a nan Amurka. Wata biyu da suka wuce wasu ma'aurata suka ɗauke ni aiki. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na tarar da tsaga a bangon harsashi, ƙaramin yatsana yana shiga, ga farin gishiri-gishirin da danshi ke bari a jikin siminti. Na rubuta abin da na gani, na ce su nemi injiniya. Suka tsorata, suka fasa. Yanzu gidan ya daɗe a kasuwa, an rage masa kuɗi, ni kuma na san gyaran ba zai kai yadda suka zata ba. Ni da iyalina muna neman gida. In na saya, na ci amana ne?

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam, ƙanena. ASHI, ƙungiyar masu duba gidaje ta Amurka, wadda aka kafa tun 1976, ta rubuta a ƙa'idarta cewa kada ka karɓi kuɗin duba gidan da kake da maslahar kuɗi a cikinsa, ko kake sa ran samu. Wannan "sa ran" ita ce wurin tsayawa. Yaushe gidan ya shiga ranka, bayan sun fasa ko kana riƙe da tocila? Ni abin ya taɓa samuna ina kan tsani, na leƙa tsakanin silin da rufi na ga katako garau, sai na ji zuciyata ta fara lissafi. Na sauko, na gaya wa mai sayen gaskiya, na mayar masa da kuɗinsa, na ba shi sunayen abokan aiki uku ya zaɓa. Dillalin da ya turo ni bai ƙara kirana ba. Gidan ma ban saya ba, domin mutumin ya ci gaba da cinikinsa.

Wata 'yar'uwa: Ni ba sana'ata ba ce, amma an yi mini. Mun fasa wani gida saboda rahoto ya ce rufin ya gama yayi, kuma gara ta ci ginshiƙai. Bayan 'yan watanni na bi ta layin da yarana, sai ga motar aikin mutumin da ya duba mana shi a ƙofar gidan, ana sauke kujeru. Wallahi sai da na tsayar da mota. Mai yiwuwa duk abin da ya rubuta gaskiya ne, amma har yau in na buɗe rahoton sai in riƙa tambayar kaina wanne layi ya rubuta domina, wanne ya rubuta domin kansa. Da ya ɗaga waya ya faɗa mana, da ban riƙe shi ba. Malam, kuɗin mutanen nan ne ya buɗe maka ƙofar gidan.

Wani abokin aiki: Hajiya ta yi gaskiya. Ni na taɓa sayen gidan da na duba, kuma ga yadda na yi. Na fara kiran waɗanda suka ɗauke ni, na tambaye su ko sun haƙura da gidan kwata-kwata, suka amsa mini a rubuce. Na sanar da mai gidan ta hannun dillalinsa cewa ni ne na duba a baya. Sannan na biya wani mai duba da ba mu da wata hulɗa, da rahotonsa na yi ciniki. Nawa ban fito da shi ba, don na masu biya ne, ba a bayyana abin da ke ciki sai da izininsu. Mai gidan ya ƙi rage mini ko dala ɗaya, yana ganin ni na kore masa masu saye. Ban ga laifinsa ba.

Wani daga California: Ka duba dokar jiharku ma. Mu nan ba a ba da lasisin wannan aiki, amma doka ta hana ka yi gyara a biya ka a gidan da ka duba cikin wata 12. ASHI da InterNACHI, wata ƙungiyar masu duba gidaje, duk suna da irin wannan sharaɗi. A Texas kuwa TREC, hukumar jihar mai kula da harkar cinikin gidaje, ita ce ke ba da lasisin wannan aiki.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Yaya, tambayarka ta hana ni barci. Gaskiya tun ranar na lura da filin bayan gidan, har na tuna da yarana. Na sake karanta rahoton layi-layi, ban ga inda na ƙara gishiri ba, amma na kai wa wani abokin aiki ya duba shi da hotunan ba tare da adireshi ko suna ba. Jiya na kira matar na faɗa mata komai. Ta yi shiru, sannan ta ce za ta yi magana da mijinta. Ban kira dillali ba tukuna.