Littafin lantarki: a faifai ko ta intanet?

A wata muhawara kan ko a sayar da littafin lantarki a faifai ko ta intanet, yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce sayar da littafi a faifan CD ya zama tarihi, tunda kwamfutocin yanzu da dama ba su da wurin zura faifai ma. Inda magana ta yi tsawo shi ne mallaka. Mai sayen littafi mai kullen DRM (kullen da ke hana kwafar littafi ko buɗe shi ba da izini ba) izinin karatu kawai ya saya. A 2019 Microsoft ta rufe kantinta na littattafan lantarki, aka mayar wa mutane kuɗinsu, littattafan kuwa suka daina buɗuwa. Shawarar da ta fi gamsar da ni: a nemi EPUB (wani nau'in fayil na littafin lantarki) mara kulle, a sauke nan take, a ajiye kwafi biyu. Katin memori ma yana lalacewa in ya daɗe a ajiye, sai a riƙa sabunta kwafin.