Sayen kayan da masu su ba su karɓa ba a gwanjo: ina gaskiyar lamarin?

Mai Shagon Waya, Kano

Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan waya da ƙananan na'urori, kuma a 'yan kwanakin nan tallace-tallace sun cika mini Facebook da TikTok na mutanen da suke cewa suna sayar da akwatunan matafiya da ƙunshin saƙonnin da suka maƙale a Turai da Amurka saboda masu su ba su zo sun karɓa ba. Za ka ga ana yanka kwali a bidiyo, sai ga waya sabuwa ko agogo mai tsada, alhali kuɗin da aka ce an biya bai taka kara ya karya ba. Ƙanena ya matsa mini lamba mu haɗa jari mu yi odar kwali goma. Ina roƙon waɗanda suka san harkar su bayyana mini ko da gaske ana yin wannan gwanjo, ko akwai riba idan an kawo kayan Najeriya, da kuma matsayin wannan ciniki a addini.

Baban Ummi, Amurka

Wa alaikumus salam, Alhaji. Harkar tana nan da gaske, sai dai ba ta yi kama da abin da ake nuna muku a bidiyo ba. A nan Amurka wurin da ya fi suna shi ne Unclaimed Baggage da ke garin Scottsboro a jihar Alabama, wanda wani mutum mai suna Doyle Owens ya fara a 1970 da aron mota da rancen dala 300, inda ya sayi kayan fasinjoji da aka manta a hannun wani kamfanin motocin safa. A yau daga kamfanonin jiragen sama suke saye. Ka'idar ita ce kamfanin jirgi zai nemi mai akwati na tsawon kwana 90, idan bai same shi ba sai ya biya diyya ga wanda ya shigar da ƙorafi, sannan ya sayar da akwatin. Abin lura shi ne su waɗannan mutane kanti suka buɗe: suna buɗe kowane akwati, su wanke tufafi, su goge bayanan da ke cikin na'urori, su sa wa kowane abu farashi daidai da darajarsa. Waya mai tsada ba za ta zo maka a kuɗin goro daga hannunsu ba.

Saƙonnin gidan waya kuwa, waɗanda aka rasa mai karɓa kuma aka rasa wanda ya aiko, ana tara su ne a wata cibiya ta hukumar gidan wayar Amurka da ke Atlanta, kuma abin da wa'adinsa ya cika ana yin gwanjonsa a shafin intanet na GovDeals, mai gwanjon kayan hukumomin gwamnati. Tari-tari ake sayarwa, bayan an ware littattafai daban, tufafi daban, kayan lantarki daban, kuma kwashe kayan yana wuyan wanda ya saya. Wanda yake Kano zai buƙaci wakili a nan, da wurin ajiya, da kuɗin jirgin ruwa ko na sama, kafin a zo maganar kwastam. Ka ƙara da cewa kayan lantarkin Amurka da yawa an yi su ne don wuta mai ƙarfin volt 120, ta Najeriya kuwa volt 230 ce, sannan wayar iPhone da take kulle da asusun mai ita ba ta da amfani sai a matsayin kayan gyara. Masu tallan da ke kiran sunan Amazon suna cewa a turo musu kuɗi kaɗan a aiko da kwali, a ganina mafi yawansu 'yan damfara ne, domin manyan kamfanoni 'yan sari masu rajista suke sayar wa rarar kayansu.

Hajiya Maman Sadiq, Landan

Alhaji, abin da Baban Ummi ya faɗa haka yake a nan ma. Hukumar sufurin Landan tana da ofishin ajiye kayan da aka manta a jirgin ƙasa da bas tun 1933, tana riƙe su wata 3, daga nan a ba ƙungiyoyin agaji ko a yi gwanjo. Akwai kuma gidan gwanjo na Greasby's a unguwar Tooting da ya yi suna wajen sayar da akwatunan matafiya. Amma kafin a fito da akwati an riga an cire abubuwa masu daraja an sa su a nasu gwanjon, abin da ya rage galibi tufafi ne da aka sa, kuma a kan kuɗin da ka taya akwai la'adar masu gwanjo da haraji. Tufafin gwanjo kuwa suna cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana shigowa da su, duk da cewa Kofar Wambai cike take da su, don haka ko ta wannan fuskar ma akwai kasada.

Almajirin Malamai, Zariya

Allah ya saka wa waɗanda suka gabace ni da alheri. A ɓangaren addini, Alhaji, ya kamata a raba mas'alar gida uku. Shi gwanjo a karan kansa, wato a yi ta taya kaya har a sallama wa wanda ya fi ƙari, jumhurin malamai sun halatta shi. Abin da aka hana shi ne najashu, wato mutum ya riƙa ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, sai don ya ingiza wasu su tsauwala wa kansu.

Na biyu shi ne haƙƙin mai sayarwa a kan kayan. Hukuncin tsintuwa sananne ne a hadisin Zaidu ɗan Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito: a yi cigiya shekara guda, sannan wanda ya tsinta ya amfana da ita, amma duk ranar da mai ita ya zo ya ba da siffarta sai a mayar masa. Kamfanin jirgin da ya biya mai akwati diyya lamarinsa ya fi sauƙi a fahimtata, domin mai kayan ya karɓi madadin dukiyarsa. Inda ba a yi cigiya ba, ba a biya kowa ba, kuma mai talla ba zai iya faɗin inda ya samo kayan ba, to babu abin da zai tabbatar maka cewa ba na sata ba ne, musamman waya da kwamfuta.

Na uku, wanda shi ne ya shafi shawarar ƙanenka kai tsaye, shi ne sayen kwali a rufe. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato cinikin da ba a san haƙiƙanin abin da za a samu ba, kuma sharaɗi ne a san abin da ake saye ta hanyar gani ko ta siffantawa. Wanda ya biya kuɗi bai san ko agogo ne a ciki ko tsumma ba, yana fatan sa'a kawai, cinikinsa ya fi kusa da caca. Idan an buɗe tarin kayan, an ga nau'insu da kimanin yawansu, wannan illa ta kau. Duk da haka ina ba ka shawara ka kai wa malaminka takardar sharuɗɗan gwanjon da kake son shiga ya duba, Allah shi ne mafi sani.

Mai Fiton Kaya, Apapa

Ranka ya daɗe, ba sai ka tsallaka teku ba. Hukumar kwastam ta Najeriya tana gwanjon kayan da ta kama da waɗanda suka wuce wa'adi a tashar jiragen ruwa ba a fitar da su ba. Ta fara yin sa ta intanet a 2017 zamanin Kanar Hameed Ali, aka sake buɗe shi da sabon tsari a watan Janairun 2024 ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi. Sai kana da lambar biyan haraji ta TIN kafin ka yi rajista, kuma kwanakin da ake ba wanda ya yi nasara ya biya ya kwashe kayansa kaɗan ne, saboda haka ka tanadi kuɗin dako da na lodi tun kafin ka taya. Ka yi hattara da masu kiran kansu jami'an kwastam a WhatsApp suna tallan mota ko shinkafa, suna ba da lambar asusun mutum; hukumar ta sha yin gargaɗi a kansu, kuma ba a biyan kuɗin gwanjonta a asusun kowa.

Mai Shagon Waya, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na sanar da ƙanena cewa maganar kwali goma ta mutu. Malam na Apapa, saura abu ɗaya: idan kaya suna ajiye a Legas, ana barin mutum ko wakilinsa ya je ya gan su da idonsa kafin ranar tayi, ko hoton da aka sa a shafin kawai ake dogaro da shi?