Neman kalmar Hausa: lasisin sabon direba da ake bayarwa kashi uku

Maman Ikram: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman agaji kafin daren Alhamis. An ba ni takarda mai shafi 2 in mayar da ita Hausa, za a raba wa iyaye sababbin zuwa ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Na gama komai sai kan maganar, abin da masu ita ke kira graduated licensing. Ga yadda ake yi a nan lardin Ontariyo na Kanada tun 1994. Yaro in ya cika shekara 16 sai a gwada idonsa, ya rubuta jarrabawar dokokin hanya, a ba shi kati mai suna G1. Da wannan katin ba ya tuƙi shi kaɗai, sai da mai cikakken lasisi da ya shekara 4 yana tuƙi zaune a gefensa. Ba ya fita daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, ba ya hawa manyan titunan nan masu lamba 400 da wani abu, kuma ko ɗigon giya kada a samu a jininsa. Bayan wata 12, ko wata 8 in ya yi makarantar tuƙi da gwamnati ta yarda da ita, sai a gwada shi a kan hanya a ba shi G2. Nan an sake shi ya tuƙa shi kaɗai, amma da sauran sharuɗɗa. Sai ya ƙara wata 12, ya ci gwaji na biyu har da babban titi, sannan ya samu G, cikakke. Shekara 5 ake ba mutum ya gama duka, in ba haka ba ya koma farko. "Lasisi mataki-mataki" na rubuta da fensir, amma raina bai kwanta ba.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam. Lasisin yaye mana, Hajiya. Ai ana yaye ɗalibai, shi ma an yaye shi daga koyo.

Ɗalibar Nahawu: Yaya, ba wannan ma'anar ba ce. Kalmar graduated a nan irin zanen jikin sirinji ko kofin awon magani take nufi, abin da aka yi wa gaɓa-gaɓa. Yaye sau ɗaya ake yinsa a ƙarshe, wannan kuwa sunan hanyar ce gaba ɗaya. Anti, naki ya yi, sai dai ki sa tuƙi a ciki: lasisin tuƙi mataki-mataki.

Mai Labaru: Mu a gidan rediyo da "hawa-hawa" za mu ce, ya fi sauƙi a baki. Amma na gwada shi da ƙarfi yanzu, sai na ji matsala. Da ka haɗa lasisi da hawa, mai sauraro zai ɗauka ajin abin hawa kake nufi, na babur daban, na ƙaramar mota daban, na tirela daban. Na janye.

Tsohon Direba: 'Yata, ni shekara 31 na yi a kan hanyar Kano zuwa Legas, kuma wannan abin ba baƙo ba ne a wajenmu, takarda ce kawai ba mu da ita. Ina yaron mota wanki na fara. Sai da na daɗe kafin maigidana ya bar ni in tayar da ita da asuba ta yi ɗumi. Daga baya nake matsar da ita a cikin tasha. Ranar da ya fara ba ni sitiyari, da rana ne, babu lodi, yana gefena hannunsa a kusa da giyar motar. Tuƙin dare kuwa shi ne na ƙarshe da ya sakar mini. Sunan abin nan talala. Akuya in ba a yarda da ita ba, ba a sake ta, ba a kuma ɗaure ta tamau, doguwar igiya ake sa mata ta yi kiwo iya tsawonta. Lasisin talala. Kowane Bahaushe ya ji ya gane.

Abban Sadik: Kai Baba, wannan ya zauna!

Malam Bazazzagi: Kun yi ta jayayya a kan jela kun bar kai. Ita kalmar lasisi ɗin ta wa ce? Muna da izini, muna da shaida, muna da lamuni. A ce neman kalmar Hausa aka zo yi, amma kalmar farko ta Nasara ce. Izinin tuƙi daki-daki, shi ne Hausa. Kuma in sunayen matakai ake so, makarantar allo ta riga ta ba mu: kolo, titibiri, gardi. Abin da ke damuna ke nan da fassarar mutanenmu da ke waje, Turanci ne sanye da babbar riga.

Ɗalibar Nahawu: Allah ya gafarta Malam, izini daga Larabci yake, shaida ma haka. Mota fa? Direba fa? Sitiyari da birki fa?

Malam Bazazzagi: Aron da ya yi shekaru ɗaruruwa ya zama ɗan gida. Kada ki haɗa shi da na jiya.

Ɗan Damagaram: Ku duka kun manta da mu. A nan Nijar ba wanda ke cewa lasisi, farmi muke cewa. In takardar za ta faɗa hannun mutumin Maraɗi ko Zinder, izinin Malam ya fi kusa da shi. Kullum sai a yanke Hausar Kano a ce ita ce ta kowa. A Faransa ma akwai irinsa, sabon direba da maki 6 yake farawa maimakon 12, makin da ake ragewa in ya yi laifin tuƙi, ya manna harafin A a bayan mota har shekara 3. 'Yan'uwanmu da ke can farmin gwaji wasu ke ce masa.

Mai Labaru: Gwaji ba zai ɗauki na Kanada ba, don akwai gwaje-gwajen da ake ci a tsakani, kalmar za ta rikice. Kuma ba Kano ta ƙaƙaba lasisi ba, a Sakkwato ma lasin suke cewa.

Ɗan Damagaram: Sakkwaton ma ai Najeriya ce.

Tsohon Direba: Duk wannan ba ta taso ba in an ɗauki talala. Ba ta Larabawa ba ce, ba ta Turawa ba ce. A ce izinin talala in Malam yana so, ko farmin talala.

Mai Labaru: Baba, da girmanka, ka saurari labarai. "An yi masa ɗaurin talala" yanzu a kunnen mutane yana nufin hukuma ta tsare mutum a gida. Uba ya karanta lasisin talala, zai ɗauka na wanda ya yi laifi ne aka rage masa.

Tsohon Direba: Ku 'yan jarida kuka ɓata ta, akuyar ba ta yi laifin komai ba.

Maman Ikram: Malam, maganar babbar riga ta yi mini zafi, gaskiya. Bari in faɗa muku abin da ya sa na damu. Ɗan maƙwabciyata ya ci G1, ya kawo katin gida, uwar ta yi guɗa ta kira Katsina ta ce yaro ya samu lasisi. Bayan sati biyu ta miƙa masa makulli ta aike shi sayen madara da daddare, shi kaɗai. 'Yan sanda suka tsayar da shi. Karya sharaɗi karon farko dakatarwar kwana 30 ce, na biyu kwana 90, na uku a soke katin. Ta zo falona tana juya katin a hannu tana cewa, "Ba ga hotonsa ba, ba ga sunansa ba?" Ita a saninta lasisi ɗaya ne, ko kana da shi ko ba ka da shi. Kalmar da nake nema ita ce wadda uwa za ta gani ta san katin farko bai kai a ba yaro makulli ba. In na rubuta izini ko kolo, ba za ta haɗa shi da katin da ke jakar ɗanta ba, don lasisi take ce masa.

Ɗalibar Nahawu: To a raba aikin. Kan magana ya ɗauki mataki-mataki, kowane kati a ba shi nasa suna. G1 matakin rakiya, tunda ba ya motsi sai da ɗan rakiya. G cikakken lasisi. G2 ne ya rage. Anti, mene ne sharuɗɗansa?

Maman Ikram: Giya dai haram ce har yanzu, ko kaɗan. Wanda bai wuce shekara 19 ba kuma, daga 12 na dare zuwa 5 na asuba, a wata 6 na farko sa'ansa ɗaya kawai zai ɗauka, bayan nan har 3. 'Yan gidansu ba sa cikin lissafin.

Tsohon Direba: Kun ji ko? An sake shi, igiya na ƙafa. In wannan ba talala ba ce, ku faɗa mini sunanta.

Mai Labaru: A nan kam na yarda ta fi dacewa. Amma a takarda ina tsoronta.

Maman Ikram: Dare ya yi a nan, ga abin da zan kai. Kan magana: "Lasisin tuƙi mataki-mataki". A layin farko zan sa "wato izinin tuƙi, ko farmi". G1 matakin rakiya, G2 matakin sharaɗi, G cikakken lasisi. Baba, ranar Juma'a in na tashi bayani da baki, da akuyarka zan fara.

Malam Bazazzagi: Ban gamsu ba, amma tunda izini ya shiga, Allah ya sa a amfana. Daki-daki dai ya fi mataki-mataki.

Tsohon Direba: Matakin sharaɗi ba shi da gishiri, 'yata, na rakiyar ma ai sharaɗi ne. Ki bar gurbin da fensir zuwa gobe.