Katin Kalmomi: Koyon Harshe ne ko Ɓarnar Kwali?

Alhaji, Sabon Gari: Assalamu alaikum jama'a. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri. Wannan yayi da yaranmu suka ɗauko na yanka kwali gutsi-gutsi, a rubuta kalmar Faransanci ko Larabci a gaba, ma'anarta a baya, a zauna ana ta juyawa, ni ban yarda koyon harshe ba ne. Ɗan wana Faransanci yake karantawa, katunansa sun cika leda, amma da na haɗa shi a waya da abokin cinikina na Kwatano, daga gaisuwa bai ƙara gaba ba. Ni a kasuwar Dantokpa ta Kwatano na tsinci nawa, ko harafi ban taɓa rubutawa ba, kuma ina ciniki da shi har Lome. Harshe a baki yake.

Ɗaliba, Samaru: Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, amma shi ɗan naku wa yake samu ya yi hira da shi da Faransanci a nan Zariya?

Alhaji, Sabon Gari: To ai kin faɗi maganata 'yata. Tunda ba mai yi da shi, kwali ne zai yi?

Malamin Faransanci, Gyallesu: Alhaji, ranka ya daɗe, a gafarce ni zan ɗan tsawaita. Abin da kasuwa ta yi maka shi ne ainihin abin da kati yake ƙoƙarin yi wa yaron. Kalmomin ciniki ba su da yawa, kuma kullum su ne ke dawowa: farashi, ragi, launi, yadi, kuɗin mota. Yau ka ji kalma, gobe an tambaye ka ita, jibi in ka manta ka yi asara. Ba ka rubuta ba, amma an yi ta tilasta maka ka lalubo ta daga kanka. Yaron da ke Zariya ba shi da wannan kasuwar, ga shi kuma ana so ya karanta jarida da littafi, inda kalma za ta fito sau ɗaya, sai bayan shafi hamsin ya sake gamuwa da ita.

Kuma abin an gwada shi. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya yi ta haddace gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna kansa, ya gano mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya. A 2008 kuma wasu masu bincike, Karpicke da Roediger, a Amurka suka ba ɗalibai kalmomin Swahili 40 da ma'anarsu. Waɗanda aka ci gaba da yi wa tambaya a kan kalmomin, bayan mako guda sun tuna kusan kashi 80 cikin 100. Waɗanda aka daina tambaya da zarar sun ci kalma sau ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin uku suka tuna, har da waɗanda suka ci gaba da karanta ta. Wato sake kallon kalma ba ya zaunar da ita, sai an rufe an ce kawo ta.

Malam, Kwarbai: Malam, wannan ai tilawa ce ka kwatanta. Duk wanda ya zauna gaban alaramma ya san ba a wanke allo sai an bayar da hadda da ka, kuma wanda ya bar tilawa wata guda ya san abin da zai tarar. Ban musa ba. Abin da nake ƙi a katin shi ne raba kalma da 'yan'uwanta. A zaure malami yana fassara mana kalma ne a cikin jumlarta, ka ji abin da ya gabace ta da abin da ya biyo. Na ga ɗalibin Larabci da ya haddace ɗaruruwan sunaye a kati, amma ka ce ya kawo jam'insu sai ya tsaya, domin jam'in Larabci da yawa ba ya bin ƙa'ida ɗaya, sai an ji shi. Haka fi'ili, bai san harafin da yake tafiya da shi ba. Wannan ya tara tubali ne.

Malamin Faransanci, Gyallesu: Allah ya gafarta Malam, wannan gaskiya ce, amma laifin mai rubuta katin ne. Ni ba na karɓar katin da aka rubuta suna ba tare da alamar jinsinsa ba, namiji ne ko mace, domin a Faransanci in ka kuskure wannan, sifa ma ta kuskure. Kuma a ƙasan kowane kati sai an sa gajeriyar jumla, wadda ɗalibin ya tsinto da kansa a abin da yake karantawa. Na Larabci sai ya sa jam'i a gefe.

Ɗaliba, Samaru: Ni haka nake yi. Ambulan biyar gare ni, na lamba su. Sabon kati yana shiga ta farko, ita kullum nake dubawa bayan sallar asuba. In na ci, ya koma ta biyu, wadda sai bayan kwana biyu ko uku. Ta biyar kusan wata take yi ban taɓa ta ba. Wanda na faɗi kuwa, ko daga ta huɗu yake, ta farko zai dawo. Wani ɗan jarida Bajamushe ne, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin a 1972. Daɗinsa ba na ɓata lokaci a kan abin da na riga na sani. 'Yan ta farkon nake ɗaure su da roba in sa a jaka, daga Samaru zuwa PZ a bas na gama da su.

Alhaji, Sabon Gari: Kin iya magana da shi?

Ɗaliba, Samaru: Karatu na fi iyawa Baba. Magana tana zuwa, amma a hankali.

Alhaji, Sabon Gari: To kun ji.

Injiniya, Tudun Wada: Alhaji, kada a yi saurin yanke hukunci. Akwai harshen da kasuwa kaɗai ba za ta ba ka ba. Mutanenmu nawa ke zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sayen kaya, suna ciniki da kalkuleta, amma ko allon kan titi ba sa iya karantawa? Rubutun Sinanci ba baƙaƙe ba ne da za ka koya cikin mako, kowace alama sai ka san ta da ido. Jarrabawar HSK ta gwada iya Sinanci, mataki na 4, a tsarin da na rubuta, kalmomi 1,200 take nema. Da Anki na yi su. Manhaja ce da aka fitar a 2006, kyauta ce a Android da kwamfuta, tana aiki ba data, ita take lissafa ranar da kowane kati zai dawo maka. Ranar da na tsaya gaban Basine bakina ya yi nauyi, ban ɓoye ba, amma abin da ya faɗa na gane, kuma cikin ɗan lokaci bakin ya sake domin kalmomin suna nan a ajiye. Wanda ba shi da su me zai sake?

Hajiya, Tudun Jukun: Ƙanena, ni wayar ce ban yarda da ita ba. Na koyar a sakandare shekaru, na ga yadda ake yi. Yaro zai sauko da katunan da wani ya shirya a wata ƙasa, dubbai, ma'anar duk da Turanci. Shi kuma Turancin bai zauna masa ba. Sai ya haddace baƙuwar kalma da wata baƙuwar, ya danna ya ci, alhali bai san abin da ake nufi ba. Wannan ya fi damuna a kan duk abin da aka faɗa a nan. A bar yaro ya rubuta bayan katinsa da Hausa, da hannunsa, ko ya zana hoton abin. Wa ya ce dole sai an bi ta Turanci kafin a isa Faransanci?

Injiniya, Tudun Wada: Yaya, a wayar ma ana rubuta Hausa. Kuma tana da abin da kwali ba shi da shi, ana sa murya. A Sinanci in ba ka ji karin sautin ba, wata kalmar daban ka koya.

Hajiya, Tudun Jukun: Ana sa murya, ana kuma shigo da saƙon WhatsApp a tsakiyar bita. Ga rashin wuta. Kwali ba ya neman caji.

Malam, Kwarbai: Ina tare da Hajiya a kan rubutu da hannu. Amma ina da tambaya ga Malamin Faransanci: kalma nawa ne za a ce sun isa?

Malamin Faransanci, Gyallesu: Lissafin da aka fi sani na Turanci ne, na wani masanin harshe, Paul Nation, a New Zealand. Kalmomi 2,000 da aka fi amfani da su suna ɗauke kusan kashi 80 cikin 100 na rubutu, amma kafin ka karanta littafi ko jarida ba ka tsayawa neman ƙamus, sai ka kai dangin kalmomi (wato kalma da waɗanda aka samo daga gare ta) 8,000 zuwa 9,000. Shi ya sa nake cewa dubu biyun farko a yi su da kati, da gaske, goma ko goma sha biyar a rana, kada a wuce, domin tsofaffin suna nan suna dawowa. Daga nan karatu da sauraro su karɓi yawancin aikin. Alhaji kuwa ya faɗi abin da ba zan ƙi ba: kati ba ya buɗe baki. Ɗalibaina ina sa su furta kalmar da ƙarfi kafin su juya, ina kuma sa su saurari labaran RFI na sassauƙan Faransanci, minti 10 ne kawai, su tsinto kalmomin kati daga can.

Alhaji, Sabon Gari: Ni dai har yanzu ina kan bakana. A tura yaro Kwatano hutu ɗaya ya fi leda goma.

Hajiya, Tudun Jukun: Wanda ubansa ke da kuɗin motar ya tura, Alhaji. Malam, jikata aji biyu take a ƙaramar sakandare, goman nan ba ta yi mata yawa ba?

Malamin Faransanci, Gyallesu: Ta yi yawa Hajiya. Ta fara da biyar, daga darasin da aka yi musu a makon, kuma ke ki riƙe katin ki riƙa tambayarta.